Kalmomin rauni da aibi a Turanci da abin da suke nufi a takardun hukuma

Garin Babban Mutum da ke ƙaramar hukumar Baure a masarautar Daura yana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar ne, yana fuskantar yankin Magarya na jihar Damagaram. Hausa ake yi a kasuwa da masallaci da ƙofar fada, a nan da can ƙetaren iyakar. To amma yawancin takardun da ke fitowa daga hannun hukuma, ko katin asibiti ne, ko rajistar masu karɓar tallafi, ko hukuncin babbar kotu, da Turanci suke zuwa a wannan ɓangare, da Faransanci kuma a wancan.

A cikin waɗannan takardu akwai wani rukuni na kalmomi da ke yawan maimaituwa, waɗanda idan aka kai wa mai ilimin boko ya fassara, sau da yawa yakan dunƙule su ya ce "rauni" ko "matsala". Daga cikinsu akwai weak da frail da fragile da vulnerable da infirm, sai kuma defect da fault da flaw.

A hira ta yau da kullum dunƙulewar ba ta da wata illa. Amma a takardar hukuma kowace daga cikinsu na da aikin da take yi. Wata kan sa a rubuta sunan gida cikin masu samun agaji, wata kan ba mai saye damar mayar da kaya, wata kuma, kamar yadda aka gani a shekara ta 2010, kan jefa ƙasa baki ɗaya cikin muhawara a kan wanda ke riƙe da mulki.

Inda kalmomin suka samo asali

Dalilin da ya sa Turanci ke da kalmomi da yawa a kan abu guda yana cikin tarihin Ingila ne. Kalmar weak, wadda ita ce ta gama-gari, ta shigo ne daga harshen mutanen arewacin Turai da suka mamaye sassan ƙasar tun ƙarni na 9, kuma tushenta na nufin abin da ke lanƙwasa idan an danna shi. Da ita ake siffanta maras lafiya, da shayin da ruwa ya yi wa yawa, da hujjar da ba ta tsaya da ƙafafunta ba, da naira idan darajarta ta faɗi.

A shekarar 1066 sarki William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon kimanin shekaru 300. Daga nan ne kalmomin Faransanci da na Latin suka kwararo. Shi ya sa likitan Magarya da ya rubuta faible a katin maras lafiya, da takwaransa na Daura da ya rubuta feeble, kalma guda suka rubuta. Asalinta na Latin na nufin abin da ya cancanci a yi masa kuka, kuma har gobe feeble na ɗauke da wannan tausayi: rauni ne da ya kai mutum ga zama abin a duba a girgiza kai, irin wanda Bahaushe ke ce wa kumama.

Wani lokacin kalma ɗaya kan shigo sau biyu. Frail da fragile duk daga kalmar Latin guda suke, mai nufin abin da ke karyewa. Ta farko ta biyo ta bakin Faransawa ta goge a hanya, ta biyu kuma malamai ne suka ɗauko ta daga littafi daga baya. Da tafiya ta yi tafiya sai suka raba aiki. Frail ta koma ga jikin mutum, musamman tsoho. Fragile ta koma ga kaya masu gautsi, irin su tangaran da gilashi da ƙwai, ita ce ake bugawa a jikin kwali don 'yan dako su yi hattara.

Hausa ma tana da irin wannan tagwaitaka. Masana harshe na ganin cewa "laifi" da "aibi" duk daga kalmar Larabci guda suka fito, ɗaya ta shigo tun da daɗewa haɗe da harafin lam na farkonta, ɗaya kuma ta hannun malamai. A yau babu Bahaushen da zai ce laifi da aibi abu ɗaya ne. Dokin da ke da aibi bai yi laifin komai ba.

A ɗakin likita

A asibiti ne rashin fahimtar waɗannan kalmomi ya fi tayar da hankali. Ɗalibin da ya san failure a matsayin faɗuwa jarrabawa, idan ya ga heart failure a takardar mahaifinsa zai ɗauka zuciya ta tsaya. Abin da likita ke nufi shi ne zuciyar na aiki amma ta gaza tura jini gwargwadon buƙatar jiki, kuma mutane kan rayu shekaru da wannan larura idan suna shan magani.

Haka nan kalmar wasting. A makaranta an koyar da cewa waste ɓarna ce ko shara. A wajen ma'aikatan lafiya kuwa wasting na nufin ramewar yaro, wato nauyinsa ya gaza abin da ya dace da tsawonsa, alamar tamowa ta kwanan nan da ke iya kisa cikin makonni. Ana auna ta da wani ɗan tef mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro ɗan watanni 6 zuwa 59. Idan kaurin damtsen ya gaza santimita 11.5, tef ɗin ya nuna ja, yaron na buƙatar magani nan take. Abokiyar tafiyarta, stunting, tsumburewa ce, wato tsawon yaro ya gaza na sa'o'insa saboda daɗewa cikin ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma da wuya a gyara ta bayan yaro ya wuce shekaru 2.

Wannan bambanci ba baƙo ba ne ga mutanen yankin. Tun lokacin ƙarancin abincin da ya afka wa Nijar a 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aikin jinyar yara masu tamowa a Magarya, kuma a 2021 ta fara irinsa a jihar Katsina. Rahoton da ya ce ramewa ta ƙaru a wani yanki kira ne na gaggawa a kawo magani da abinci kafin kaka. Wanda ya ce tsumburewa ta yi yawa yana magana ne a kan aikin shekaru, na noma da ruwan sha da lafiyar mata masu ciki. Mai fassarar da ya ce musu duka "rashin abinci" ya ɓatar da saƙon.

Ita kanta frail, likitocin tsofaffi sun ba ta ma'ana ta musamman. A 2001 Linda Fried da abokan aikinta a Amurka suka tsara alamomi 5: ramewa ba da niyya ba, yawan gajiya, raunin riƙon hannu, tafiya a hankali, da ƙarancin motsa jiki. Wanda aka samu da 3 daga ciki shi ne ake kira frail. Amfanin hakan shi ne likita ya san cewa zazzaɓin da saurayi zai warke daga gare shi cikin kwana 3 na iya kwantar da wannan dattijo ya kasa tashi, ko da kuwa ba a gano wata cuta takamaimai a jikinsa ba.

Akwai kuma kalmomi biyu da suka shafi shan inna. Ma'aikatan sa ido kan cutar na neman duk yaron da bai kai shekaru 15 ba wanda ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, abin da suke kira flaccid, wato gaɓa ta yi laushi ta daina ɗaukar nauyi. Ganin haka ba ya tabbatar da shan inna, sai an gwada bayan gidan yaron a ɗakin bincike. Ɗigon rigakafin da ake sa wa yara a baki kuwa yana ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana, attenuated a Turanci, yayin da na allura ke ɗauke da wadda aka kashe. A ranar 25 ga watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, shekaru 4 bayan ganinta na ƙarshe a jihar Borno. Sai dai raunanniyar ƙwayar, idan ta daɗe tana yawo a garin da yara da yawa ba su samu rigakafi ba, takan iya sake samun ƙarfi, kuma wannan ne dalilin da ya sa ba a daina zagayen rigakafin ba bayan waccan sanarwa.

Talaka da wanda talauci ke jira

A cikin dukan kalmomin nan babu wadda ta fi yawo a takardun gwamnati da na ƙungiyoyin agaji kamar vulnerable. Tushenta kalmar Latin ce mai nufin ciwon sara ko suka, abin sha'awa kuma shi ne Hausa ma da kalma guda take kiran wannan ciwo da rashin ƙarfi, wato rauni. Amma vulnerable ba ta cewa an ji wa mutum rauni. Cewa take yi yana tsaye a inda za a iya ji masa, ba shi kuma da garkuwa.

Gidajen rediyo sun saba fassara ta da "marasa galihu", wani lokaci "masu rauni". Fassarar kan dace idan ana maganar marayu da zawarawa da tsofaffin da ba su da mai ɗaukar nauyinsu. A wasu wuraren kuwa takan kauce.

Garuruwan kan iyaka irin su Babban Mutum sun ga misalin haka. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, a watan Nuwamban shekarar kuma aka hana kai mai gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga watan Yulin 2023 aka sake rufe iyakar ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, ba a ba da umarnin buɗe ta daga ɓangaren Nijeriya ba sai a watan Maris na 2024. Ɗan kasuwar da ke fataucin wake ko dabbobi tsakanin kasuwannin ƙasashen biyu, mai shago da babur da 'ya'ya a makaranta, babu wanda zai kira shi maras galihu. Amma da yake abincinsa duka ya rataya ne a kan hanya guda da wata sanarwa daga Abuja za ta iya toshewa cikin dare, a ma'aunin masana tattalin arziki shi vulnerable ne tun kafin a rufe iyakar. Haka manomin da rumbunsa ke cike bana, amma gonarsa jigawa ce da ke jiran ruwan sama kawai.

Wannan ne ya sa rajistar da gwamnatin tarayya ta fara tattarawa a 2016, da rancen dala miliyan 500 daga Bankin Duniya, ta haɗa kalmomi biyu a sunan waɗanda take nema, poor da vulnerable, wato gidajen da ke cikin talauci da waɗanda ke bakin faɗawa cikinsa. Daga wannan rajista aka riƙa zaɓo masu karɓar naira dubu 5 a wata, kuma a watan Oktoban 2023 gwamnatin Bola Tinubu ta ƙaddamar da shirin biyan naira dubu 25 a wata na tsawon watanni 3 ga gidaje miliyan 15.

A tsarin tattara sunayen, jama'ar gari ne ake tarawa, maza daban, mata daban, matasa daban, su faɗi siffofin da suke gane mabuƙaci da su, sannan su ambaci gidaje. Ke nan a wannan zama na ƙarƙashin bishiya ne fassara ke yin aikinta. Idan jami'i ya ce a kawo sunayen marasa galihu, za a ba shi gajiyayyu da marayu. Magidancin da bashin taki ya yi wa katutu, wanda rashin lafiya guda za ta sa ya sayar da gona, ba zai miƙa sunansa ba, maƙwabtansa ma za su ji kunyar ambatonsa.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin cewa irin wannan rarrabewa ba wasa ba ce. A babin zakka an ambaci faƙiri daban, miskini daban, kuma a mazhabar Malikiyya faƙiri shi ne wanda abin hannunsa ba zai kai shi shekara ba, miskini kuwa wanda ba shi da komai. Faƙirin Malikiyya, mai abincin yau da ba shi da na bazara, ya fi kusa da ma'anar vulnerable fiye da duk wata fassara da ake ji a rediyo.

Ƙasashe ma ba su tsira daga wannan awo ba. A 2005 wata cibiya da ke birnin Washington mai suna Fund for Peace ta fara fitar da jerin ƙasashen duniya bisa haɗarin rugujewarsu, ta sa masa suna da kalmar failed, wato ƙasashen da suka gaza. A 2014 ta sauya kalmar zuwa fragile, bayan sukar da aka daɗe ana yi cewa sunan farko hukunci ne da ya rufe ƙofa. Tukunyar da ta fashe daban, wadda ake tsoron fashewarta daban.

Aibin kaya a kasuwa

Rukuni na biyu ya shafi aibi ne. Defect na nufin wani abu da ya kamata a ce yana nan amma ya tawaya, ko aka ƙera shi ba daidai ba tun farko. Da ita ake magana a kan injin ban ruwa da ya fito daga masana'anta da matsala, da kuma larurar da aka haifi jariri da ita. Ita ce kalmar da lauyoyi suka fi riƙewa.

Dokar cinikin kaya ta Ingila ta 1893, wadda Nijeriya ta gada, ta bambanta aibin da ke fili da wanda ke ɓoye, abin da lauyoyi ke kira patent defect da latent defect. Wanda ya duba kaya kafin ya biya ba shi da bakin kuka a kan aibin da dubawar ta isa ta nuna masa. Wanda ya sayi sa a kasuwar ƙauye ya san wannan ƙa'ida ko da bai taɓa jin sunan dokar ba, domin fiƙihun Malikiyya ma ya ba mai saye zaɓin mayar da abin da ya saya idan ya gano tsohon aibi da aka ɓoye masa wanda ke rage daraja. Karyayyen ƙaho kowa na gani. Ciwon ciki da dillali ya sani ya yi shiru shi ne ke kai mutane gaban alƙali.

Fault ta fi faɗi, kuma tana da fuska biyu. Tana nufin tangarɗa a na'ura ko a layin wutar lantarki, tana kuma nufin laifi, wato wanda alhakin abu ke wuyansa. Asalinta kalmar Latin ce mai nufin yaudara ko kuɓucewa. Direban da ya sa hannu a takardar 'yan sanda da ke cewa shi ne at fault ya amsa laifin hatsarin ke nan, alhali mai yiwuwa abin da yake son faɗa shi ne birkin motar ne ke da fault. Blemish kuwa tabo ne na sama-sama da ke rage kyau ba tare da hana aiki ba, ko da yake masu fassara littattafan addini kan yi amfani da ita ga aibobin da ke hana dabba isa layya.

Sai flaw. A da can tana nufin ɓalli ko ɓarɓashin dutse, daga baya ta koma tsaga a jikin tukunya ko lu'ulu'u, irin tsagar da ba lallai a gan ta ba sai ranar da aka ɗora nauyi. Daga nan aka ara ta ga shiri da hujja da halin mutum. Idan aka ce abu flawed ne, ana nufin matsalar tana cikin gininsa.

Siyasar Nijeriya ta ba da misali mai kyau na nisan da ke tsakanin waɗannan kalmomi. Bayan zaɓen watan Afrilun 2007, jaridun duniya da masu sa ido da dama sun siffanta shi da flawed. A jawabinsa na kama aiki ranar 29 ga watan Mayu, Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa, tsohon gwamnan Katsina, ya amsa cewa zaɓen na da shortcomings, kalmar da a zahiri ke nufin abin da ya taho amma bai ƙarasa inda ake so ba. Kafafen Hausa sun fassara duka biyun da "kura-kurai" ko "matsaloli". Amma mai cewa flawed na nufin tushen ya tsage, mai cewa shortcomings kuwa na nufin ginin na tsaye, gyara yake buƙata. Duk da sassaucin kalmar, ba kasafai shugaban da aka rantsar kan faɗi ko da hakan a kan zaɓen da ya kawo shi ba, kuma a watan Agustan shekarar ya kafa kwamitin gyaran tsarin zaɓe ƙarƙashin tsohon babban jojin ƙasa Muhammadu Lawal Uwais.

Matasan da ke karanta ilimin hadisi a fassarar Turanci su ma suna cin karo da wannan rukuni. Hadisin da malaman Hausa ke ce wa mai rauni shi ne ake fassarawa weak, wanda aka gano ɓoyayyar illa a cikinsa ake cewa defective, na ƙarya kuma fabricated. Wanda ya ɗauki na farko daidai da na ƙarshe ya haɗa abin da malaman fannin suka sha wahalar rabawa.

Halin ɗan Adam

Idan aka zo ga hali, kalmomin hawa-hawa ne. Mafi sauƙi ita ce foible, 'yar'uwar feeble, wadda masu wasan takobi a Turai ke kiran rabin kaifin da ke wajen tsini da ita, inda ƙarfen ya fi rauni. A hali tana nufin ɗan abin da ake yi wa mutum dariya a kansa ba tare da an raina shi ba, kamar dattijon da ba ya iya fara magana sai ya ba da labarin aikin hajjinsa. Failing ta fi ta nauyi, vice kuma mugun hali ne da ya zama jiki, irin su caca da shaye-shaye. Frailty idan aka jingina ta ga ɗan Adam ita ce ajizanci, abin da Hausawa ke nufi da cewa ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Wanda aka ce yana da weakness ga goro ko kilishi kuwa lafiyarsa ƙalau, haƙuri ne ba ya iya yi idan ya gani.

Wasu kalmomin zamani ya ture su. Handicapped da crippled, waɗanda ke cike da tsofaffin littattafan makaranta, yanzu ana ɗaukarsu cin fuska. Dokar hana nuna wariya da shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019 ta yi amfani da persons with disabilities ne, mutum a gaba, larura a baya. Irin wannan sauyi ne ya sa kafafen Hausa da dama suka koma cewa "masu buƙata ta musamman". Ita kuwa invalid sai a yi hattara da ita, domin rubutu guda ne da ma'ana biyu: majinyacin da ciwo ya kwantar, da kuma takarda ko ƙuri'ar da ba ta da inganci.

Kalmar da ta tsayar da ƙasa

Infirm na nufin abin da ba shi da ƙwari, kuma daga gare ta Faransawa suka samo sunan ma'aikacin jinya, infirmier, wanda duk mai zuwa asibiti a Nijar ya sani. A Turancin yau tsohuwar kalma ce da ba a cika ji a baki ba. Amma tana nan daram a sashe na 144 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, da kuma sashe na 189 da ya shafi gwamnoni.

Sashen ya tanadi cewa shugaban ƙasa zai sauka idan kashi 2 cikin 3 na majalisar zartaswa ta tarayya suka zartar cewa ba zai iya aiki ba, sannan kwamitin likitoci 5 da shugaban majalisar dattawa zai naɗa, ciki har da likitan shugaban na kansa, ya tabbatar cewa yana da infirmity a jiki ko a hankali da ta hana shi aiki har abada. Rashin lafiya kawai bai isa ba, komai tsananinsa. Sai an ce raunin ya zauna ke nan, babu tashi.

A ranar 23 ga watan Nuwamban 2009 shugaba 'Yar'aduwa ya tafi asibiti a Jidda, inda likitansa ya ce yana fama da kumburin fatar da ke lulluɓe da zuciya. Bai aika wa majalisar dokoki wasiƙar da sashe na 145 ya ambata ba, wadda da ita ce mataimaki ke zama muƙaddashi. Makonni suka shuɗe, kowa ya san shugaban ba shi da lafiya, amma babu wanda ke da ikon cewa ciwon ya kai matsayin da sashe na 144 ke nufi sai ministocin da shi ya naɗa. Wata babbar kotun tarayya ta ba su kwanaki 14 su yanke shawara, a ƙarshen watan Janairun 2010 kuma suka ce shugaban bai gaza ba.

A ranar 9 ga watan Fabrairu majalisar dokoki ta bi wata hanya dabam. Ta dogara da ƙa'idar larura, ta ɗauki gajeriyar hirar da shugaban ya yi da BBC ta wayar tarho a watan Janairu a matsayin sanarwar cewa yana jinya, ta ayyana Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashin shugaban ƙasa. An dawo da 'Yar'aduwa Abuja ranar 24 ga watan, ya rasu ranar 5 ga watan Mayu, aka yi jana'izarsa a Katsina. A gyaran kundin da aka yi a shekarar, an ƙara cewa idan shugaba bai aika wasiƙar ba cikin kwanaki 21, majalisun biyu za su iya ɗora mataimakinsa da rinjaye mai sauƙi.

Shekaru 7 bayan haka batun ya sake tasowa, wannan karon a kan ɗan Daura. A 2017 shugaba Buhari ya tafi jinya London sau biyu, tafiyar ta biyu daga ranar 7 ga watan Mayu zuwa 19 ga watan Agusta, sama da kwanaki 100. A duka biyun ya aika wasiƙa, Yemi Osinbajo ya riƙe ƙasa a matsayin muƙaddashi, ko da yake wasiƙar watan Mayu ta jawo ce-ce-ku-ce a majalisar dattawa saboda ta ce mataimakin zai daidaita ayyukan gwamnati ne, ba ta kira shi muƙaddashi kai tsaye ba. Jaridun ƙasashen waje da suka ga hotunansa a lokacin sun yi ta siffanta shi da frail, wasu 'yan adawa kuma suka nemi a yi aiki da sashe na 144. Ya dawo ya ƙarasa wa'adinsa, ya sake cin zaɓe a 2019, ya sauka a 2023. Ya rasu a London ranar 13 ga watan Yulin 2025, aka binne shi a gidansa da ke Daura bayan kwana 2.

Tun daga 1999 ba a taɓa sauke wani shugaban Nijeriya ta hanyar sashe na 144 ba.